Zoben Lu'ulu'u da Takardar Darajarsa: Abin da Sabon Tsarin GIA Ya Canza

Tun daga ranar 1 ga Oktoban 2025, cibiyar GIA ta Amurka, wadda takardar shaidarta ta fi ta kowa kwarjini a kasuwar duwatsu masu daraja, ta daina auna lu'ulu'un da aka ƙera a masana'anta da ma'aunin launi da tsabta da take auna wanda aka haƙo daga ƙasa. Yanzu matsayi biyu kawai take ba shi, ko Premium ko Standard, wanda kuma bai kai ga ko ɗaya ba ba ya samun matsayi. Matakin ya rikita masu saye da dama, domin an daɗe ana faɗa musu cewa duwatsun biyu abu ɗaya ne ta fuskar sinadari, sai ga shi an raba musu takarda. Kafin a gane dalilin hakan, sai an san abin da ake aunawa a jikin lu'ulu'u, da wanda yake aunawa, da yadda 'yan haruffa a kan takarda suke sa zobba biyu masu kama da juna a ido su bambanta a farashi ninkin ba ninki.

Inda ma'aunin ya samo asali

Lu'ulu'u, wanda wasu ke kira daimon, sinadarin kabon ne zalla da zafi da matsi suka dunƙule a ƙarƙashin ƙasa, a zurfin da ya kai kilomita 150 zuwa 200, yawancinsa fiye da shekara biliyan ɗaya da ta wuce. Babu wani dutse da Allah ya halitta da ya kai shi tauri. Sai dai ba taurinsa ne ya mayar da shi zoben baiko a ƙasashen Turawa ba. Bayan gano shi a yankin Kimberley na Afirka ta Kudu, Cecil Rhodes ya kafa kamfanin De Beers a 1888, kamfanin da ya riƙe akalar mafi yawan ɗanyen lu'ulu'un duniya har kusan ƙarshen ƙarni na 20, yana sakin sa kasuwa kaɗan-kaɗan don kada farashi ya karye. A 1947 kamfanin talla na N. W. Ayer ya ƙirƙira masa taken da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne, tallar da ta yi tasirin da ya sa saurayi a Amurka, daga baya har a Japan, yake ganin neman aurensa bai cika ba sai da wannan zobe.

Da masu saye suka yawaita, sai matsalar amana ta taso. Kowane ɗan kasuwa yana da nasa lafazin yabon haja: wannan ya ce dutsensa A ne, wancan ya ce nasa AA ne ko AAA, babu wanda zai iya ƙaryata wani. Cibiyar GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ita ce ta daidaita zancen a kan abubuwa huɗu, wato nauyi da launi da tsabta da yanka, waɗanda 'yan kasuwa ke kira 4C saboda sunayensu na Turanci duk da wannan harafi suka fara. A 1953, ƙarƙashin jagorancin Richard Liddicoat, ta fitar da ma'aunin da ake amfani da shi har yau, ta kuma fara shi daga harafin D da gangan, domin kada a haɗa shi da haruffan da 'yan kasuwa suka riga suka ɓata.

Nauyi, launi da tsabta

Nauyi ne mafi sauƙin ganewa. Karat ɗaya na lu'ulu'u daidai yake da kashi ɗaya cikin biyar na giram, wato miligiram 200, kuma ana raba shi zuwa maki 100. Wannan ba shi ne karat ɗin da masu sayen gwal suka saba ji ba. Idan an ce gwal 18 ne ko 21 ko 22, ana maganar yawan zinare ne a cikin haɗin, inda 24 yake nufin zalla. Zobe ɗaya zai iya ɗaukar lissafin biyu, a ce ƙarfensa gwal ne mai 18, dutsen da ke kansa kuma karat ɗaya da rabi.

Farashi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi. Dutse mai karat biyu ya fi kuɗin duwatsu biyu masu karat ɗaya-ɗaya nesa ba kusa ba, saboda manya sun fi wuyar samu. Haka kuma farashin yakan yi tsalle a kan cikakkun lambobi, ta yadda mai karat 1.00 zai fi mai 0.95 tsada sosai, alhali ido ba zai raba su ba. Masu yanka sun san haka, shi ya sa wani lokaci sukan bar wa dutse ƙiba a gindi ko a ƙugu don ya kai cikakkiyar lamba, ko da hakan zai rage masa ƙyalli.

Shi kuwa launi, a farin lu'ulu'u, rashinsa ake nema. Daga D zuwa F su ne marasa launi kwata-kwata, daga G zuwa J suna dab da haka, daga K zuwa Z kuma rawaya ko ruwan ƙasa yana ƙara bayyana mataki-mataki, galibi saboda ɓurɓushin sinadarin naitirojin da ya shiga jikin dutsen. Mai gwaji yana kifa dutsen ne a kan farin faranti, ƙarƙashin wata fitila da aka ƙayyade haskenta, ya jera shi da wasu duwatsu na misali da aka riga aka san matsayinsu, yana matsar da shi dama da hagu har ya ga inda ya zauna. Bambancin D da E ko F, da zarar an ɗora dutsen a kan zobe, ko ƙwararre yakan sha wuya kafin ya gane shi, amma a kuɗi ba ƙaramin bambanci ba ne.

Idan launin ya wuce Z, ko ya kasance shuɗi ko ruwan hoda ko ja, sai lissafin ya juya, ƙarfin launin ya zama shi ne darajar. A nan ne ake samun alƙaluman da ke shiga labarai. Dutsen Pink Star mai karat 59.60, wanda aka ɗora a kan zobe, an sayar da shi dala miliyan 71.2 a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a 2017, shekara ɗaya bayan Oppenheimer Blue mai karat 14.62 ya tashi dala miliyan 57.5 a gwanjon Christie's na Geneva. Mahaƙar Argyle ta Ostareliya, wadda ta samar da mafi yawan masu ruwan hoda a duniya, an rufe ta a 2020.

Tsabta tana nufin yawan tabo da tsaga da ƙananan abubuwan da suka maƙale a cikin dutsen lokacin da yake haɗuwa. Ana duba su da madubi mai ƙara girma sau goma, a kuma ba da ɗaya daga matakai 11: FL da IF a sama, sai VVS1 da VVS2, sai VS1 da VS2, sai SI1 da SI2, sannan I1 zuwa I3 a ƙasa. Daga VS2 zuwa sama, a mafi yawan lokuta, ido ba ya ganin komai sai da madubi. Wanda ya biya kuɗin FL ya biya kuɗin ƙarancin irinsa ne, domin abin da mutane za su gani a yatsa bai bambanta da na mai VS ba. Wurin da tabon ya zauna ma yana da muhimmanci, don ɗigon baƙi a tsakiyar fuskar dutse ya fi illa a kan wanda ke gefe, inda ƙafar zobe za ta iya rufe shi.

Yanka, inda hannun mutum ya shiga

Abubuwa ukun farko halitta ce ta kawo su, na huɗun kuwa aikin ɗan Adam ne, kuma shi ne ya fi tasiri a kan abin da ido ke gani. Ɗanyen lu'ulu'u bai da wani sheƙi na a zo a gani, sai an fiƙe shi an yi masa fuskoki. Zagayayyen yankan da ya fi shahara yana da fuska 57 ko 58, kuma ana jingina lissafin kusurwoyinsa ga Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan lu'ulu'u na birnin Antwerp a Beljiyam, wanda ya wallafa bincikensa a 1919. Abin da ake so shi ne haske ya shiga ta sama, ya bugi fuskokin gindi, ya dawo ta sama zuwa idon mai kallo. Idan gindin ya yi zurfi da yawa, hasken sai ya sulale ta gefe, tsakiyar dutsen ta yi duhu, idan kuma ya yi faɗi ba zurfi, sai ya zube ta ƙasa, dutsen ya zama kamar fasasshiyar kwalba.

GIA ba ta fara ba da matsayin yanka a takardunta ba sai a 2006, kuma ga zagayayyen dutse kawai, a matakai biyar daga Excellent, mafi kyau, zuwa Poor, mafi muni. Sauran siffofi, kamar mai siffar ƙwai ko mai kusurwa huɗu ko mai kama da ɗigon ruwa, takardar tana faɗin kyawun gogewarsu da daidaiton ɓangarorinsu ne, amma ba ta yanke hukunci a kan yankan gaba ɗaya. Wannan giɓi ne da masu saye da yawa ba su sani ba. Ga kuma wani ciniki da mai yanka yake yi da kansa a kan kowane dutse: yanka mai kyau yakan cinye rabin nauyin ɗanyen ko fiye, saboda haka kullum yana tsakanin neman ƙyalli da neman nauyi. Dutse mai launin H da tsabtar VS2 da aka yanka da kyau zai fi mai D da IF da aka yanka da ha'inci haske a ido, ko da yake na biyun ne zai fi tsada a takarda.

Akwai wani layi a takardar da ake yawan tsallakewa, wanda ke faɗin ko dutsen yana fitar da shuɗin haske a ƙarƙashin fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na lu'ulu'u suna yin haka. Kasuwa tana rage wa farare tas kuɗi saboda shi, duk da cewa a mafi yawansu ba ya canza komai a kallo.

Takarda ba duka ɗaya ba ce

Bayan GIA akwai IGI, wadda aka kafa a Antwerp a 1975, da HRD ta birnin, da wasu ƙananan cibiyoyi masu yawa. Dukansu suna amfani da haruffa iri ɗaya, amma ba tsananinsu ɗaya ba. Auna launi da tsabta hukuncin ido ne, shi ya sa 'yan kasuwa suka amince da saɓanin mataki ɗaya tsakanin cibiya da cibiya. Abin da ya wuce haka ya zama zamba cikin aminci. A 2014 dandalin cinikin RapNet ya daina karɓar takardun cibiyar EGL bisa zargin tana ɗaga darajar duwatsu fiye da kima. Abin lura shi ne, mai sayarwa ne yawanci yake zaɓar cibiyar da zai kai dutsensa, shi ne kuma yake biyan kuɗin gwajin.

Takardar ba ta ambaci farashi ko sau ɗaya. Dillalai suna duba jadawalin farashi na Rapaport ne, wanda Martin Rapaport ya fara fitarwa a 1978, su yi ciniki a kan ragi ko ƙari daga abin da ya nuna. A kan wannan ake ɗora kuɗin ƙarfen zoben, da ladan maƙeri, da haraji, da ribar kanti, sannan da kuɗin suna idan zoben na gidaje ne irin Cartier ko Graff ko Tiffany, wanda tun 1886 ya fito da salon ɗaga dutse a kan ƙafafu shida don haske ya ratsa shi ta ko'ina. Haka nan takardar daraja da aka saba gani ba ta faɗin inda aka haƙo dutsen. Zancen asali aikin Tsarin Kimberley ne, wani tsari na ƙasa da ƙasa don hana cinikin ɗanyen lu'ulu'un da ake ɗaukar nauyin yaƙi da shi, wanda ya fara aiki a 2003 bayan yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola da Kwango, kuma masu suka suna cewa ma'anarsa ta yi ƙunci, tun da ya taƙaita ne a kan duwatsun da 'yan tawaye ke sayarwa don yaƙar gwamnati. Haramcin da ƙasashen G7 suka ɗora wa lu'ulu'un Rasha daga Janairun 2024 a wajen wannan tsari aka yi shi.

Abin da ya jawo sabon tsarin

Kamfanin General Electric ya yi nasarar haɗa lu'ulu'u a ɗakin gwaji tun 1954, amma an daɗe ana amfani da shi ne a aikin yanka da huda a masana'antu. Cikin shekarun baya-bayan nan ne aka iya fitar da manya farare masu araha, ko dai ta hanyar matsi da zafi mai tsanani, wadda Chana ta fi ƙwarewa a kai, ko ta hanyar tara kabon daga iskar gas a kan ƙwayar iri, wadda ta bunƙasa a Indiya. Abin da ƙasa ta yi a shekaru aru-aru, na'ura tana yin sa cikin makonni. Wannan dutse lu'ulu'u ne na gaskiya, ba kamar moissanite ko zirconia da ke kwaikwayonsa ba, kuma a 2018 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta cire sharaɗin zama na halitta daga ma'anar lu'ulu'u. Ƙaramar na'urar gwaji da ake gani a kantuna ba ta iya raba shi da na haƙa, sai manyan na'urori na cibiyoyin gwaji.

A shekarar 2018 ɗin dai De Beers ya buɗe kamfanin Lightbox yana sayar da na masana'anta dala 800 kowane karat, ba tare da takardar daraja ba, da nufin nuna cewa kayan ado ne mai araha. A watan Mayun 2025 ya sanar da rufe shi, yana cewa farashin sari na irin waɗannan duwatsu ya faɗi da kashi 90 cikin ɗari. Wata guda bayan haka GIA ta sanar da nata matakin, tana kafa hujja da cewa fiye da kashi 95 cikin ɗari na duwatsun masana'anta da ke shiga kasuwa suna faɗawa ne a cikin ɗan siririn zango na launi da tsabta. A sabon tsarin, Premium yana buƙatar launin D da tsabtar VVS zuwa sama da yanka mafi kyau, Standard kuma ya ƙunshi launi daga E zuwa J da tsabtar VS.

Masu goyon bayan matakin, waɗanda suka haɗa da kamfanonin haƙa da dillalan na halitta, suna cewa an ƙirƙiri ma'aunin D zuwa Z ne don auna ƙarancin abu, kuma ba shi da ma'ana a kan abin da masana'anta za ta iya fitarwa yadda ta ga dama. A ganinsu, rubuta D da VVS1 a kan dutsen na'ura yana sa mai saye ya zaci ya mallaki abin da ba a samu, alhali gobe za a yi dubu irinsa. Masu ƙerawa da masu sayar da na masana'anta kuwa suna cewa ma'aunin yana bayyana kamannin dutse ne, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin ko nasa E ne ko J, tun da Standard ta haɗa su a kwando ɗaya. Wasunsu suna kallon matakin a matsayin kariya ga tsohuwar kasuwa. IGI, wadda ita ce ta fi kowa gwada na masana'anta, ta ce za ta ci gaba da tsohon ma'aunin, HRD kuma ta ɗauki hanyar janyewa daga gwada su. Kowane ɓangare yana da gaskiya a wani wuri, kuma kowanne yana da abin da zai samu ko ya rasa a aljihunsa.

Wanda abin zai shafa

Ga mai saye, sakamakon farko shi ne za a riƙa ganin takardu iri biyu a kanti ɗaya, waɗanda ba a iya kwatanta su kai tsaye. Zobe mai takardar IGI da ke cewa D da VVS2 zai iya zama na masana'anta, saboda haka layin da ke faɗin asalin dutsen ya fi haruffan muhimmanci. Yawancin duwatsu masu takarda an rubuta musu lambar takardar da hasken leza a ƙugunsu, ana iya karanta ta da madubi, a kuma shigar da ita a shafin intanet na cibiyar don a ga ko nauyi da awon da ke can sun dace da dutsen da ke hannu. An sha kama duwatsun masana'anta da aka buga wa lambar wani dutse na halitta, don haka lambar kaɗai ba ta wadatar a ciniki mai nauyi sai da gwajin wani da ba shi da hannu a cinikin.

Ga waɗanda suka saba sayen gwal a Dubai ko Saudiyya don lefe ko don ajiya, bambancin da ke tsakanin hajojin biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Gwal yana da farashin duniya na kowane giram, ana ɗora shi a sikeli, a cire ladan aiki, a biya mai shi a take. Lu'ulu'u ba shi da wannan. Wanda ya mayar da zobensa kasuwa yana sayarwa ne ga dillalin da zai iya samun irinsa a farashin sari, shi ya sa abin da ake tayawa yakan yi ƙasa sosai da abin da aka biya a kanti, na masana'anta kuwa da yawan dillalai ba sa ma taya shi. A sarƙa ko zoben da aka jera wa ƙananan duwatsu, mai sayen gwal yakan cire nauyinsu daga lissafi. Duwatsun da suka riƙe darajarsu ko suka ƙaru su ne manya ƙwarai da masu launi na gwanjo, waɗanda ba su ne ake samu a kantin talakawa ko masu matsakaicin hali ba. Mai neman ado kawai kuwa, yanzu zai iya samun dutse mai karat biyu da kuɗin da a da ba zai sayi rabin karat ba.

Nauyin canjin ya fi sauka a wuraren da ba a sa zoben. Botswana, wadda ke da kashi 15 cikin ɗari na De Beers da rabin kamfanin haƙa na Debswana, tana samun kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kayan da take fitarwa daga lu'ulu'u, kuma tattalin arzikinta ya ja baya a 2024, shekarar da aka tono dutse mai karat 2,492 a mahaƙarta ta Karowe, na biyu a girma bayan Cullinan mai karat 3,106 na 1905. A Fabrairun 2025 ta sanya hannu kan sabuwar yarjejeniya da De Beers wadda za ta ɗaga kason da take sayarwa da kanta cikin abin da Debswana ke haƙowa daga kashi 25 zuwa 30, sannan 40 bayan shekara biyar, ya kai 50 idan aka tsawaita ta bayan shekara goma, a daidai lokacin da kamfanin Anglo American, mai sauran kashi 85 na De Beers, yake neman mai sayensa. A birnin Surat na Indiya, inda ake yanka kusan tara cikin goma na lu'ulu'un duniya, masana'antu da yawa sun rage ma'aikata da albashi, wasu kuma sun koma yankan na masana'anta, wanda aikinsa ɗaya ne da na haƙa amma ribarsa ba ta kai ba.